Hujin da Mudasiru Ya Yi wa Jirgin Injiniya

Mudasiru Nasidi ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a masallaci, da liman ya sallame za ka gan shi ya riga kowa kaiwa ga takalmi. An haife shi a unguwar Aboabo ta Kumasi a shekarar 1979, ɗa na huɗu a gidan wani magini. Ya bar makaranta a aji shida. Ya yi kwandasta a hanyar Kumasi zuwa Bawku shekara biyu, ya yi dakon kifi a tashar jiragen Tema shekara uku, ya sayar da takalman gwanjo a Legas har aka kwashe masa kaya, ya dawo gida ya auri Adijatu, kafin 'yarsu ta fari ta yi haƙori ya sake fita. A Tema ya koyi ɗaurin igiya da kankare gindin jirgi, kuma wannan ɗan ilimi ne ya kai shi Doha a 2016, inda ya shiga wankin ƙananan jiragen masu hali a wata tasha da ke bakin teku.

Nan Injiniya Abdulbaƙi ya same shi. Injiniya mutumin Zariya ne, yana aikin iskar gas, ya kai shekara goma sha biyar a ƙasar. Wani Bature abokin aikinsa da zai koma gida ya sayar masa da jirgi, irin wanda iska ke turawa: tsawonsa ƙafa talatin da shida, da dogon sanda a tsakiya, da manyan ƙyallaye biyu da ake warewa. Wata Juma'a Injiniya na fama da igiya, ya yi tsaki ya ce, "Kai, wannan abu!" Sai ya ji an amsa masa da Hausa daga jirgin da ke gefe: "Alhaji, bi da shi ta ƙasa." Kafin wata biyu Injiniya ya zama kafil ɗin Mudasiru, wato ubangidan da takardun zamansa ke hannunsa, jirgin kuma ya koma hannunsa, wanki da gyara da gadi.

Aikin ya karɓe shi, har shi kansa ya yi mamaki. Ya gaya wa Adijatu a waya cewa wannan ne wuri na farko da bai taɓa tashi da safe yana tunanin hanyar fita ba. Ko a ɗaure jirgin yake, ƙasansa ba ya daina motsi, sai mutum ya ji kamar yana kan hanya alhali bai je ko'ina ba.

A cikin jirgin, ta gaba, akwai bandaki wanda in mutum ya shiga gwiwarsa na taɓa ƙofa. Masai ne ƙarami na tangaram, da famfon hannu a gefensa. Abin da aka yi ba ya faɗawa teku. Yana shiga wani tankin roba mai cin lita tamanin da ke kwance ƙarƙashin gadon gaba. Tiyo uku ne a jikin tankin. Ɗaya mai kauri yana kawo kaya daga masai. Ɗaya mai kauri yana hawa sama zuwa wani murfi, inda injin tasha ke zuƙewa idan tanki ya cika. Na ukun siriri ne, bai kai kaurin babban yatsa ba, ya bi bayan katako, ya lanƙwasa sau biyu, ya fita ta wani ɗan ƙarfe a gefen jirgi. Ba wanda ya taɓa gaya wa Mudasiru amfanin na ukun. Baturen ya tafi da iliminsa.

A watan Maris na 2020 Injiniya da iyalinsa suka je biki Zariya, korona ta rufe filayen jirgin sama suna can. A ɗakin da Mudasiru ke kwana da mutum bakwai a unguwar Fereej Abdel Aziz, biyu suka kwanta da zazzaɓi. Injiniya ya ce masa a waya, "Ɗauki tabarmarka ka koma jirgi, kada ka fito." Ya yi wata biyar a ciki. Taku goma sha ɗaya ne daga gaban jirgin zuwa bayansa, ya ƙirga. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, ya goge ƙarfen da ya goge jiya, ya kwance igiya ya sake naɗewa. Dogayen benayen gari suna tsaye shiru, titin bakin teku babu mota, ladan kuma yana kira yana cewa a yi salla a gida.

A nan kuskuren ya faru, kuma ba na ganganci ba ne. Wanda ya ƙera jirgin ya yi lissafin mutanen da ke amfani da takarda, su bi da ruwa kofi biyu, kwana biyu a mako. Mudasiru kuwa da buta ya tashi. Tsarki buta guda, wani lokacin biyu. Sai ya ɗauraye masai da wata, don ba ya son najasa ta kwana kusa da inda yake sa goshi. In zafi ya hana shi fita, ruwan alwala ma a nan yake ƙarewa. Cikin kwana tara tanki ya cika. Mai injin zuƙa kuwa, saboda kulle, sai sau ɗaya a wata ake ganinsa. Da famfon ya yi tauri, Mudasiru ya ƙara masa ƙarfi. Bai sani ba, abin da ya rasa wurin zuwa ya haura siririn tiyon nan, ya zauna a lanƙwasa, zafin Yuli ya gasa shi ya zama kamar siminti.

Warin bai zo gaba ɗaya ba. Da farko sai da azahar, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a nesa. Daga baya ya shiga katifa, ya shiga labule, ya shiga rigar da Mudasiru ke salla da ita. In ya danna famfo, masai ya yi gyatsa. Ranar da mai zuƙa ya zo, tankin ya yi nishi, cikinsa ya lotsa ya ce ƙwam, injin ya tsaya da rabin kaya a ciki.

Lokacin kowa na yaƙi da ƙwayoyin cuta, shi ma ya yi abin da ya ga ana yi. Ya zuba bilic galan guda. Ya zuba sanitaiza. Ya sayo turaren wuta mai tsada ya kunna a kasko biyu. Wari da turare suka haɗu suka haifi wani abu na uku da ya fi su muni.

Hajiya Sauda, matar Injiniya, ta zo jirgin sau ɗaya bayan sun dawo. Ta sauka matakala uku ta juyo da hannu a kan takunkumi. "Baban Mufida," ta ce wa mijinta, "takunkumi biyu na sa, kuma na ji shi har cikin haƙorina." Tun daga ranar ita da yara ba su sake takowa ba. Injiniya ya ci gaba da fita teku ran Juma'a, amma a waje yake zama, inda iska ke kaɗawa. Mutum ne da ya san bututun gas mai tsawon kilomita ɗari, sai dai bai taɓa durƙusawa ƙarƙashin gadon gaba ba.

Haka aka yi ta lallaɓawa har watan Satumba na 2022, gari ya fara shirin Kofin Duniya. Wata ranar, suna ɗaure jirgi, Injiniya ya ce, "Yayyen Hajiya uku za su zo kallon ƙwallo daga Kaduna. Otal babu wuri, gidanmu na Al Rayyan kuma mata sun cika shi. Ta ce in ba za su iya kwana a nan ba, jirgin ba shi da amfani, a sayar. Akwai mai so, yana da nasa ma'aikata. Ran goma ga Nuwamba za ta zo ta duba. In ta ce a'a, khalas, shi ke nan."

"Ni fa, Masta?"

Injiniya ya dubi teku. "Ba ni da wani aikin da zan ba ka, Mudasiru. Ka san haka."

Mutumin da ya bar aiki biyar da ƙafarsa, yau ga shi ana shirin raba shi da wanda ba ya son bari. Ya kasa cin abinci a zaune. Ran Juma'a ya hau bas ya tafi Fereej Abdel Aziz neman Moro, mai aikin famfo, ɗan unguwarsu a Aboabo, wanda ya girme shi da shekara goma kuma bai taɓa barin ya manta da haka ba.

Moro ya leƙa ƙofar jirgin ya ja da baya. "Muda, gawar wa ka ɓoye?"

"Bra Moro, ba wasa na kira ka ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. In mutum ne, faɗa mini tun yanzu in koma."

Ya ɗaure hanci da hankici, ya ɗaga katifa da katako, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Da ya kai kan siririn, ya cire shi ya zura waya. Wayar ta tafi taki ɗaya ta tsaya cak.

"Ka ga hancin tankinka. A toshe."

"Tanki yana da hanci?"

Moro ya zauna a kan dugadugansa ya dube shi. "Kai ɗan Baba Nasidi ne kuwa? Ubanka ya gina masai na unguwa a Aboabo da Asawasi, ban san iyakarsu ba. Kowanne da baƙin bututu a bayansa, ya fi rufi tsawo, da raga a kai. Ka taɓa tambayarsa na mene ne?"

Bai taɓa ba. Abin da ya guda ke nan tun yana makaranta, inda ake kiransa ɗan mai masai, har ya koma cewa ubansa masallatai yake ginawa. Amma yanzu, a durƙushe cikin zafin nan, ya tuna tsohon. In ya gama gini, yakan wanke hannu, ya gyara hula, ya tara masu unguwa, ya kunna guntun jarida a bakin rami. Hayaƙi ya yi jim, ya sunkuya ya shige ƙasa, can sai a gan shi yana fita ta saman bututu. Sai tsohon ya ce a kawo ruwan sha, aiki ya yi. Magina irinsu sun ƙare. Ba su iya karatu ba, amma ba sa miƙa aiki sai sun gwada shi a gaban jama'a.

"Saurara," Moro ya ce. "In iska na shiga tanki, akwai ƙananan halittu da ke cinye kayan ba tare da wari ba. In ka toshe, su mutu, masu wari su gaje gidan. Kai kuma 'yan da suka rage ka bi su da bilic. Shekara biyu kana kashe ma'aikatanka kana kunna musu turare."

Ya sa aka dafa ruwa, ya tsoma tsumma, ya naɗe shi a kan tiyo mai kauri, ya jira ya huce, ya miƙa wa Mudasiru. "Sunsuna." Mudasiru ya sunsuna ya kawar da kai. Robar kanta ta sha wari, dole a canza duka. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne hanci. Moro ya ce siririn tiyo ba zai taɓa wadatar ba a ƙasa mai zafi irin wannan. Ana son mai faɗin inci guda, gajere, miƙaƙƙe, kuma guda biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, iska ta shiga nan ta fita can. Wato sai an faɗaɗa tsohon rami, an kuma huda sabo a jikin jirgin.

Mudasiru ya kira Injiniya a wurin.

"Huda me?" muryar Injiniya ta fito har Moro na ji. "Mudasiru, jirgin ruwa ne. Duk aikinsa a duniya shi ne kada ya zama da rami. In ka huda, mai sayen ma gudu zai yi. Canza tiyo, na yarda. Amma jikin jirgin, kada ka kuskura."

Mudasiru ya canza tiyo duka, har da siririn. Wari ya ragu da safe, da la'asar ya dawo ya zauna. Mako biyu yana safa da marwa a kan jirgin. In bai huda ba, Hajiya za ta ce a'a, ya tafi. In ya huda, watakila ya tafi tun kafin nan, da sunan wanda ya ɓata dukiyar kafil. Ya kwanta a kan gadar katakon da jirage ke ɗaure a jikinta ya auna da hannu: daga ruwa zuwa inda zai huda, taki huɗu. Ya tashi ya yi zagaye, ya dawo ya sake aunawa, kamar adadin zai canza.

Ran Talata, goma sha ɗaya ga Oktoba, da hantsi, ya karɓo injin huji a wurin Moro.

"Injin nawa ne, hannun naka ne," Moro ya ce. "In an tambaye ni, ban taɓa zuwa Kumasi ba."

Ya yi alama da fensir, ya yi bisimilla, ya danna. Farar ƙura ta zubo masa a hannu, injin ya yi kuka, sai haske ya shigo ta inda bai taɓa shigowa ba. Guntun da ya fita ya faɗo a tafinsa, zagayayye da huji a tsakiya, kamar kwabon da. Ya ci gaba. Ya faɗaɗa tsohon ramin, ya shafa gam, ya sa sababbin ƙarafa, ya ɗaure noti, ya haɗa tiyo biyu masu faɗi ba lanƙwasa. Da yamma ya kunna tsinken turare ya riƙe a bakin ramin hagu. Hayaƙi ya yi sama, ya yi gefe, sa'an nan wani siririn zare daga cikinsa ya karkata ya shige.

Sauran aikin jira ne, abin da bai iya ba. Moro ya ce kada ya sake zuba komai sai ruwa. Mudasiru ya sa aka zuƙe tanki sau uku, wannan karon bai yi nishi ba. Ya fitar da katifu rana, ya wanke katako da sabulu. Hancinsa ya daina gaya masa gaskiya, sai ya koma tare mutane a gada, mai gadi ɗan Nepal, wani direba ɗan Sudan, yana roƙonsu su shiga su shaƙa. Mako na farko suka yamutsa fuska. Mako na uku direban ya ce, "Akwai, amma ya tsufa." Gari ya cika da tutoci, 'yan Zango, mutanensu na Ghana, na ta kiransa a waya kan wasan Ghana, shi kuwa yana durƙushe da hanci a jikin katako.

Ran Alhamis, goma ga Nuwamba, bayan la'asar, suka zo. Hajiya Sauda ta cire takalmi ta sauka matakala. Mudasiru ya tsaya a sama yana murza hula. Ya ji ta buɗe kabad, ta rufe. Ya ji ta ɗaga katifa.

"Mudasiru, wane turare ka sa?"

"Ban sa komai ba, Hajiya."

Sai muryar Injiniya daga kan gada, ƙasa-ƙasa. "Zo nan." Yana nuna sabon ƙarfe da ke walƙiya a gefen jirgi. "Mene ne wannan?"

"Hanci ne, Masta."

"Me na ce maka?"

"Ka ce kada in kuskura."

"Sai me?"

"Sai na kuskura." Ya nuna da hannu. "Akwai wani a ɗaya gefen."

Injiniya ya cire hula ya ajiye. Da farar rigarsa ya kwanta rub da ciki a kan katako, ya shafa gam ɗin da yatsa, ya girgiza ƙarfen, ya auna tsayinsa daga ruwa. "In iska ta karkata jirgin fa?"

"Ruwa bai taɓa wuce layin shuɗin nan ba. Shekara huɗu ina kallo."

"Da a wurin aikina ka yi wannan, yau za ka bar ƙasar."

Kan Hajiya ya leƙo daga ƙofa. "Baban Mufida, zanin gado uku za a kawo, da fanka. Yaya Masahudu ba ya barci babu fanka."

"Sauda, ya huda jirgin. Wuri biyu."

"Ya nutse?"

"Bai nutse ba, amma..."

"To ni dai na zauna a ciki minti goma ina numfashi." Ta koma ƙasa.

Injiniya ya miƙe yana kaɗe riga. "Gobe za mu fita, ni da kai. Zan karkata shi iya karkatarsa, hagu da dama. In ɗigo ɗaya ya shiga, ba ruwana da abin da ta ce."

Washegari iska ta taso daga arewa da ƙarfinta. Suka fita har benayen gari suka zama ƙanana. Injiniya ya ja igiya ya tamke, jirgin ya kwanta a gefensa, kofuna suka zube, ruwa na gudu kusa da taga. Mudasiru yana ƙasa, kwance a ƙarƙashin gadon gaba, ƙafa a tokare da katako, hannu a bayan sabon ƙarfe.

"Yaya?" Injiniya ya yi ihu.

"A bushe!"

Injiniya ya juya jirgin ya kwantar da shi ɗaya gefen, ya fi na farko. Mudasiru ya gangara, kansa ya bugi tanki, ya lalubo ɗaya ƙarfen ya dafe.

"Yanzu fa?"

"A bushe, Masta!"

"Ƙara dubawa."

Mudasiru ya zaro tsumma fari daga aljihu ya goga ko'ina, ya rarrafo ya ɗaga shi ta ƙofa. Injiniya ya karɓa, ya matse shi a hannu, ya juya shi, ya mayar masa.

"Baƙin nan ran Laraba za su sauka," ya ce. "Kai za ka kula da su. Yalla, hau ka kama mini igiyar nan, hannuna ya gaji."